Ƙauyen da Aka Kankare wa Suna

Ɗana Bashir ya shigo ɗakina bayan la'asar yana danna 'yar na'urar nan ta ƙirga tasbihi da ake sawa a yatsa, ya zauna bakin gado yana tambayar gwiwata kamar yau ta fara ciwo. Na san da magana a bakinsa, domin tun yana ƙarami in zai roƙi abin kunya sai ya ja gaisuwa da tsawo. Ashe mata ne za su zo ranar Alhamis ganin 'yarsa Rawan, dangin wani saurayi ɗan babban gida da take so yake sonta. Na ce madalla. Sai ya ce, "Ummi, abu ɗaya nake roƙo. In sun zo ki huta a ɗakinki, ba daɗewa za su yi ba." Na ce gwiwata ba ta hana ni zaman falo. Ya dubi ƙasa ya ce ai ba maganar gwiwa ba ce. Ya riga ya gaya wa mutanen nan cewa asalinmu daga Jizan ne, can kudu da Makka inda Larabawa ma baƙaƙe ne, kuma tuni ya cire laƙabin Hausawi daga ƙarshen sunansa a takardu ya sa sunan kakansa. Matarsa Samira Balarabiya ce, yarinyar ta ɗauko hasken uwarta, komai ya tafi daidai. Saura ni, da tsagen da wanzami ya yi mini a kumatu kafin a goyo ni zuwa ƙasar nan. "In suka ga fuskarki, halas, magana ta lalace," in ji shi. Wato ni ce ɓarakar da ta rage a gidan.

Ya fita yana danna na'urarsa, wai shi a dole istigfari yake yi. Tun da hukumar gari ta shafa jan fenti a bangon gidana na unguwar Hindawiyya a nan Makka, alamar rusau, nake zaune a wannan bene nasu na unguwar Shisha, can sama inda ba ka jin komai sai gurnanin na'urar sanyi. Maƙwabcinka na iya mutuwa ya kumbura ba ka da labari. Gida ne mai kyau, ban musa ba, har banɗaki da madubi. Amma a nan mutum ba shi da aikin yi sai tunani, ni kuwa tunanina duk inda ya zaga sai ya koma tsakar gidan Inna, mahaifiyata, ya durƙusa gaban fanteka.

Iyayena daga ƙasar Katsina suka taso a ƙafa, suna tafe suna tsayawa ƙodago a gonakin mutane, har suka haye teku. Mahaifina bai daɗe da sauke farali ba zazzaɓi ya ɗauke shi, Inna ta ce ba ta barin garin da aka binne mijinta. Hindawiyyar da na buɗi ido a ciki ba ta da ginin kirki ko ɗaya, ɗakunan kwano ne da katakon akwati a kan duwatsu, rana ta gasa ka daga sama, dutse ya gasa ka daga ƙasa. Amma unguwa ce mai murya. Kafin ladan ya gama kiran asuba ka ji garwar masu ga-ruwa tana ƙara suna hawa tudu, sai dakan matan Zazzau da ke bayanmu, sai mai wake yana rera tallansa, sai wata ta ɗaga murya ta kan katanga tana tambayar ko da mai ragowar daddawa. Da yamma mai tsire ya hau fifita wuta, hayaƙin ya cika lungu. Tsiren nan ne yau Larabawa ke jerin gwano a mota suna saya, suna lanƙwasa sunansa yadda bakinsu ya iya, su lashe yatsu tas, ban taɓa jin wanda ya tambaya ko daga Jizan ya fito ba. A gidanmu kuwa akwai ƙarar da ta fi mini duk waɗannan, ita ce ta duwatsun gilashi in Inna ta juye su cikin fanteka.

Shiryar carbi ce sana'ar Inna. Wani attajiri mutumin Hadramaut ne yake ba ta duwatsun a ƙananan kwalaye, ita ta shirya ta sayar wa alhazai. Akwai kore, akwai ja kamar garwashi, akwai ruwan zuma, akwai masu wata da tauraro a jiki, wasu har da sunan Allah an danna musu. Aikina shi ne in goga wa zare kakin zuma, in bi kowane dutse da allura in ji ko bakin raminsa na da kaifi, domin mai kaifi shi ke cin zare ya kunyata ka a hannun mai saye. Inna ta ƙirga ta zura, ta sa dogon nan na kai da muke kira liman, ta ɗaure tuntu da haƙori. Takan ce, "Ja zaren, amma ki bar masa wurin numfashi. Mai jan carbi yana son ya ji dutse ya faɗa kan ɗan'uwansa." Gilashin nan duk zafin Makka ba ya ɗumi da wuri. In idon Inna ya kauce sai in damƙi hannu guda in manna a wuya, in lumshe ido. Na sha rankwashi a kan haka har ba na iya tunawa da yawansa.

Kowane kwali yana zuwa da 'yar takarda manne a murfi, da rubutun Nasara da hoton wani tsauni mai itace. Gidajen da ke wannan sana'a a unguwarmu suna da yawa, kuma duk hanyarsu ɗaya: da kaya sun iso sai a ɓamɓare takardar a jefa murhu, a juye duwatsun cikin kwano a zuba musu Zamzam su jiƙa. Da an yi haka shi ke nan, mai talla na iya dafa ƙirji ta ce, "Wallahi ya sha Zamzam, ɗan Makka ne," ta tafi da zuciyarta fes wai ba ta yi rantsuwar ƙarya ba. Masu ƙarfin hali kan ƙara da cewa a gindin Dutsen Arfa ake tono su. Inna ba ta jiƙa nata, ba ta kuma ƙona takarda. A kwalayensu take kai su kasuwa, rubutun yana kallon kowa.

Wata shekara, bayan an sauko daga Arfa alhazai sun bazu neman tsaraba, muna zaune a bakin hanya da kayanmu, sai ga wani tsoho daga gida, ƙafarsa duk faso, ka san sai da ya sayar da abin da ya mallaka kafin ya zo. Ya ɗauki wani koren carbi ya sumbace shi, ya shafa a idanunsa, ya ce, "Baiwar Allah, daga wane dutsen Makka ake samo wannan?" Kafin Inna ta buɗe baki, Iya Gambo, mutuniyar Zamfara da ta shimfiɗa kayanta kusa da mu, ta cafe, "Dutsen Arfa, Alhaji, inda ka tsaya shekaranjiya." Inna ta miƙa hannu ta karɓi carbin daga hannunsa. Ta ce, "Alhaji, gilashi ne. A ƙasar Nasara ake yin sa, ga sunan garin nan a kwali. Zaren daga Masar yake, hannun da ya shirya na Bakatsiniya ne. Abin da Makka ta sa a ciki shi ne wurin zaman da nake sayarwa. In kana so a haka, bismilla." Tsohon ya goge bakinsa da gefen riga, ya matsa gaba ɗan kaɗan ya sayi irinsa sak a wurin Iya Gambo, ya tafi yana sa mata albarka.

Kafin magariba labari ya gama unguwa, wai Inna na ɓata wa mutane kasuwa. Aka daina aiko mana da kwanon abinci, aka daina kiranta suna da biki, wadda ke tambayar daddawa ta kan katanga ta koma tambayar ɗaya gefen. Alhazai suka watse kayanmu na nan jibge, muka shiga cin busasshen burodi da ruwan shayi. Ran nan na fashe da kuka na ce da ita mene ne a ciki don ta yi shiru kawai, ai ba ita ta faɗa ba. Ta ɗago kai daga fanteka ta ce, "Wanda ya yi dutsen nan ya ƙona hannunsa a kansa. Ban san shi ba, addininmu ma ba ɗaya ba ne, amma ba zan ɗauke masa aikinsa in ba Dutsen Arfa ba. Arfa ba ta roƙe ni ba." Ta miƙo mini zare ta ce in goga kaki. A lokacin haushinta na ji, don yunwa nake ji.

Yau je ka shagunan da ke kewaye da Harami ka gani. Carbin roba ne tuli, mara nauyi, mara sanyi, in ka ja shi ko ƙara ba ya yi, in rana ta doke shi ya riƙa warin man fetur. Masu ji da wayewa kuma sun koma danna na'ura, ta ƙirga musu ladan, su duba lamba kamar masu duba awon sukari. Jikokin Iya Gambo suna da manyan shaguna, su ma na ji an ce daga wani wuri suka fito wanda ba Zamfara ba. Kwalayen Inna kuwa tun ina budurwa rubutun murfinsu ya sake, daga baya suka daina zuwa gaba ɗaya, ba wanda ya gaya mana dalili, ba mu kuma tambaya ba. Murfi ɗaya na tsohon yayi ya rage a hannuna, a ciki nake soke allurai.

Kwanakin baya, da gwiwa ta matsa mini, Bashir ya kai ni ƙasar Cek, wani gari mai ruwan zafi da mutanen Makka ke zuwa gashin ƙashi. Yana son a ce ya kai uwarsa Turai, na kuma gode. Direban da ke yawo da mu mutumin Sham ne, karatu ya kai shi can ya zauna. Ran nan ina gyara maɓallin riga a mota ya hangi murfin a cinyata, ya karɓa ya karanta, ya shiga dube-dube a wayarsa. Ya ce, "Hajiya, wannan sunan ba ya cikin taswira. Sunan Jamusanci ne. Amma ƙauyen yana nan, wani suna ake kiransa da shi yanzu, kuma ba nisa." Bashir ya hau ƙunƙuni, wai me za a gani a ƙauye bayan ga manyan kantuna a birni. Na ce ko ya kai ni ko in tari wata motar.

Hanyar arewa muka bi, wajen iyaka, mota na ta hawa. Tsaunukansu ba irin namu ba ne masu tsiraici, nasu a rufe suke ruf da dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, ƙarƙashinsu duhu ko da rana tsaka. Ƙauyen yana cikin wani matsattsen kwari, titi ɗaya tak yana bin gefen rafi, gidaje na jere a jikinsa tun daga ƙasa har inda tsauni ya toshe hanya. Ƙasar duk tsakuwa ce, direban ya ce ban da dankali ba abin kirkin da take bayarwa, dusar ƙanƙara kuma kan rufe su wata da watanni. Ya ce tun zamanin da can sarakunan ƙasar suka kira Jamusawa su zo su sare dajin su zauna, suka zauna kaka da kakanni har ba wanda ke tuna wani gida sai nan. Da ƙasa ta ƙi ciyar da su sai suka dubi abin da ke gabansu: ga itace na hura wuta, ga farin dutse a tsauni na narkawa, ga rafi mai gudu da zai juya dutsen wasawa. Suka kama gilashi. Kowane gida da ɗan ɗaki a baya mai bututun hayaƙi, uba na gaban wuta, uwa da yara na tsincewa suna gogewa. Daga wannan lungu da ko rana ba ta son leƙawa kaya ke fita har Hindiya, har Kano, har fantekar Inna.

Sai aka yi babban yaƙin nan na duniya na biyu. Direban bai ɓoye ba, ya ce da yawansu sun yi wa azzalumin shugaban Jamus maraba lokacin da ya haɗiye ƙasar, kuma abin da aka yi wa mutanen Cek a shekarun nan ba ya faɗuwa. Da yaƙi ya ƙare aka juyo kansu, mai laifi da marar laifi, tsoho da jinjiri. Aka ce kowa ya ɗauki abin da hannunsa zai iya ya fita, aka lodo su a jirgin ƙasa aka tsallakar da su iyaka. Aka kwaso wasu mutane daga nesa aka zuba a gidajen, wasu har tukunya suka tarar a kan murhu. Sannan aka bi komai aka sake masa suna, ƙauyen, rafin, tsaunin, har kan shaguna. Ni ban san shari'ar yaƙinsu ba, Allah ne zai raba su. Amma na san yaran da ke tsince duwatsu a bayan gida ba su ne suka harba bindiga ba.

Ƙauyen yanzu wurin shan iskar mutanen birni ne. Sun shafe gidajen da fenti kala-kala, sun jera wasu gajerun gumaka masu jar hula a cikin ciyawa, ɗakunan wutar nan kuwa wani ya mai da nasa ma'ajiyar keke, wani wurin gasa nama. Mun tarar da wani ƙato tumbi waje yana aske ciyawar ƙofar gida da inji. Na ce direba ya tambaye shi wa ya gina gidan nan. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai saye ya yi, ya ci gaba da askinsa. Mutum na kwana ƙarƙashin rufin da wani ya ɗaura, yana taka dokin ƙofar da ƙafafun wasu suka lotsa, ko sau ɗaya bai yi sha'awar sanin sunansu ba. Na yi tsaki har sai da Bashir ya taɓa ni.

Shi ƙaton ne dai ya nuna mana gidan ƙarshe, ya ce akwai wata tsohuwa da ta san irin waɗannan tatsuniyoyi. Sa'ata ce, 'yar siririya, tana watsa wa kaji tsaba. Da direba ya miƙa mata murfin ta kawo shi kusa da ido ta karanta sunan da ƙarfi, ta sake karantawa, sai ta nemi kututture ta zauna. Ta ce rabon da ta ji sunan nan a bakin mutum, ko da nata bakin ne, ta manta. Mahaifinta na cikin 'yan kaɗan da aka hana tafiya, saboda sababbin masu ƙasa ba su iya gilashi ba, suna buƙatar hannunsa. Aka riƙe hannun, aka hana bakin. In ta yi Jamusanci a titi a tofa mata yawu, a makaranta a sa ta a bayan aji. Ta buɗe mana ɗakin wutarsa, ta ɗauko wani awartaki mai rami a baki wanda ake matse narkakken gilashi da shi, ta karkata shi wajen haske. Ga wata da tauraro a ciki. Ta ɗauko wani, ga sunan Allah a juye. Ta ce mahaifinta bai san abin da aka rubuta ba, amma ba ya yarda a ajiye wannan a ƙasa, yana cewa mutanen wata ƙasa mai rairayi na addu'a da shi. Na ce direba ya gaya mata ni ce mutanen. Ta riƙe hannuna tana juya shi, ni ma na juya nata, yatsunta duk tabon ƙuna. Na tambayi 'ya'yanta, ta ce suna birni, jikokinta ba su san ko kalma ɗaya ta harshenta ba, da kaji take yin sa yanzu.

Ita ta raka mu maƙabartarsu a bayan coci. Ciyawa ta kai gwiwa. Duwatsun kaburbura wasu sun kife, wasu ta ce an kwashe an yi matakala da su. Waɗanda ke tsaye kuwa an sa ƙarfe an kankare rubutun, sai farin tabo a inda suna yake. Mu a Makka ba ma rubuta suna a kabari, ni kaina ba zan iya nuna inda Inna take ba sai dai in ce wajen can, kuma ban taɓa jin ciwon haka ba, don kowa haka yake, sarki da ga-ruwa. Amma rashin rubutawa daban, kankarewa daban. Sai da wani ya zauna ya ɓata yininsa, ya yi gumi, don kada a san wane ya taɓa zama a nan. Ina tsaye ina wannan tunani Bashir ya cire waya daga kunne ya ce, "Ummi, wanda ke son zaman lafiya a ƙasar mutane sai ya zama irinsu. Da sun yi haka tun farko da ba a kore su ba. Yalla, sanyi zai kama ki." A lokacin ban san ya riga ya kankare namu ba, da hannunsa, yana raye, ba wanda ya ɗora masa bindiga.

Ranar Alhamis da safe Rawan ta shigo da lalle a hannu, ta rungume ni ta baya tana cewa, "Sitti, ki yi mini addu'a," haka suke kiran kaka a nan. Ba ta ɗauko maganar ɗaki ba, ni ma ban ɗauko ba. Yarinyar nan a bayana ta yi barcinta na farko, ni na tauna mata dabino, ni na yi jinyarta da ƙyanda ta kama ta uwarta na tsoron shiga ɗakin. Na ga yadda fuskarta ke haske in an ambaci yaron nan. Na kuma san kalma ɗaya daga bakina ta isa ta rushe komai, kuma ba zan furta ta ba. Amma in laɓe a ɗaki kamar kyankyaso a gidan ɗan da na haifa, wannan kam a'a. Na yanke a raina zan fita in zauna, ba zan yi Hausa ba, ba zan ce ni wace ce ba. Su dai su faɗa da bakinsu.

Sai da na ji an gama gaishe-gaishe ƙamshin gahawa ya taso, na sa farar rigata mai aiki, na yafa mayafi na bar fuska a buɗe. Ban ɗauki ko cokali ba, don kada a ce hidima ta fito da ni. Na shiga na yi sallama, na zauna a kujerar da ke kallon uwar saurayin. Mace ce mai jiki, zinariya har gwiwar hannu, turarenta kaɗai ya isa ya kori sauro. Samira ta yi tsuru-tsuru. Matar ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kumatuna, sannan ta juya wajen Rawan da murmushi ta ce, "Wace ce wannan, 'yata?"

Na dubi Rawan. Ba ta dube ni ba, lallen hannunta take kallo. Can ta ce, a hankali, "Ita ta reni Baba."

"Masha Allah!" in ji matar, ta juya ga 'yan rakiyarta. "Kun ga gidan mutunci, har kujera suke ba ta. Irin waɗannan na da yanzu ba a samun su, wallahi. Tamu ta gudu watan jiya ko sallama babu." Ta karkato wajena tana ɗaga murya tana rarrabe kalmomi, kamar mai magana da kurma. "Kina da wata 'yar'uwa mai neman aiki? Ko jika? Mai amana irinki muke so."

Na amsa mata da Larabcin Makka wanda ya fi nata tsufa. Na ce, "Ba ni da jika. Ba ni da kowa a garin nan."

Ta ce Allah sarki, ta tura mini farantin dabino. Na ɗauki ɗaya na ci, na zauna daram har suka sha gahawarsu suka yaba yarinya suka tashi. Rawan ba ta sake ɗaga kai ba, sai wani ɗigo da na ga ya faɗa kan lallenta. Matar ta ɗauka kunyar amarci ce, ta ce wannan ita ce tarbiyya.

Suna fita Bashir ya shigo daga ɓangaren maza baki har kunne, an gaya musu yarinya ta yi, za a sa rana bayan Hajji. Samira ta raɗa masa abin da ya faru, ya ɗan daskare, da ya ji ƙarshen labarin kuma sai ya saki ajiyar zuciya. Ya tarar da ni a ɗaki ina ninke kayana cikin jaka. Ya sunkuyo zai sumbaci kaina yana cewa, "Allah ya saka miki, Ummi, kin rufa mana asiri." Na kauce. Na ce masa ya sauko mini da jakar ƙasa ya tsayar mini da tasi, Hindawiyya za ni, in zauna a ɗakina har ranar da motar rusau ta zo. Ya ce haba Ummi, wa zai kula da ke a can, me mutane za su ce. Na ce mai reno ta gama aikinta, yaro ya girma. In kuma mahaifiyarsa yake nema, ya tafi Jizan ya duba.